Ranar da Teburin Mano Santo Ya Yi Toka-toka

A garinmu na gaɓar yammacin tsibirin Samar, in ka ce kana neman Crisanto Abayan sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Mano Santo ɗan acaɓa, ko mai tallan kifi za ta nuna maka gindin mangwaron da yake jiran fasinja. Mutum ne mai sanyin hali, ga shegen tsoro. Ba ya gudu da babur, ba ya goya mutum biyu, kare ya yi haushi ya canza hanya. To amma miƙa masa waya ya shiga gasar karta ta foka, sai ka rantse an sauya maka shi.

Gasar ta 'yan tsibirinmu ce, duk Lahadi bayan an taso daga coci, kusan kowa ya san kowa. Ana raba wa 'yan wasa tsaba, wato kuɗin wasa, daidai wa daida, wanda tasa ta ƙare ya fita. Kuma in zagaye ya zo kanka, akwai tsabar dole da za ka ajiye a tsakiya tun ba ka ga katinka ba. Shi Mano Santo da farko lafewa yake yi, ba ya shiga sai da kati mai nauyi, yana dai karantar mutane. Sai an kusa kaiwa ga masu samun kyauta, kowa ya ƙanƙame ɗan abin da ke gabansa, sannan ya fara ƙara tsaba a kan masu fargaba. Su janye, shi kuma ya kwashe ta dolensu. Da haka yake tara tsibi ba tare da ya nuna wa kowa katinsa ba.

"Ni na san matsoraci, pare," yakan ce wa abokan acaɓarsa, don haka ake kiran aboki a wajenmu, "tun daga yadda yake jinkiri. Ai ɗan gidanmu ne."

Wata Lahadi rediyo ya ce guguwa na tafe daga gabas, za ta sauka gobe da safe. Matarsa Minda tana ta buga katako a tagogi, shi kuwa yana kan benci da waya.

"Santo, tashi ka ɗauko Nanay tun rafi bai kawo ba."

Nanay Iska mahaifiyarsa ce, tana zaune ita kaɗai a bukkarta ta tsallaken rafi, gwiwoyi sun daɗe da ƙin tafiya. Hanya ɗaya ce zuwa wurinta, wata gajeriyar gadar siminti da ruwa ke haurewa da zarar an yi mamako a kan tudu.

"Sun ce sai gobe fa. Hannu ɗaya kawai zan buga."

"Hannu ɗayanka ai ya fi wa'azin limamin coci tsawo. Uwarka ce dai, ba tawa ba."

Ya yi dariya bai ɗago ba, don a lokacin ne hoton Ruding, mai gyaran injin kwale-kwale a Borongan, ya koma toka-toka. Haka hoton mutum yake yi in layinsa ya yanke. Na'ura ba ruwanta, ta ci gaba da ajiye masa tsabar dole tana zubar da katinsa. Mano Santo ya kwashe, ya sake kwashewa, har ya rubuta masa: "Pare, uwargida ta kama ka ne?"

Can kuma sai wata malamar makaranta ta Taft, wadda ba ta taɓa barin tebur ko don shan ruwa ba, ita ma ta dushe. Kujera biyu ba mai tsaro! Tsibinsa ya yi ta hawa, bai taɓa ganin irinsa ba. Har ya fara tunanin sabuwar tayar babur.

Sai mai gidan burodi na Paranas ya yi toka-toka, da kati a hannunsa, a tsakiyar wasa.

Yatsan Mano Santo ya tsaya cak a kan gilashin wayar. Borongan. Taft. Paranas. Ai wannan jerin ya san shi, hanyar da ta taso daga bakin tekun gabas ta ratsa duwatsu ta faɗo wajenmu ce. Ba matan kowa ba ne suka kama su. Turakun wuta ne ke faɗuwa, gari bayan gari, kuma Paranas nan ce bayan tudu. Ya ɗaga kai. Ganyen kwakwa duk sun juya gefe guda, kajin maƙwabta sun shige ƙarƙashin gida da rana tsaka, sama ta yi wani irin ruwan ɗorawa mai tsoratarwa.

"Minda," ya ce. "Ta iso. Ba gobe ba ce."

Ya jefar da wayar a kan benci, wasa na ci, ya tayar da babur.

Ruwa ya riga ya hau gadar, ja wur, yana jan rassa da kututturen ayaba. Ba a ganin simintin, sai dai wurin da ruwan ke tudu a gefensa. Ya jingine babur ya tsaya. Ya yi alamar gicciye, ya sa ƙafa. Ruwan ya kai masa cinya, yana ture shi kamar da gayya. Ya riƙa jan ƙafa yana laluben bakin simintin da yatsu, bai yarda ya kalli ƙasa ba. Wani reshe ya doke shi a ƙugu, ya durƙusa, ya sha ruwa, ya miƙe. Da ya taka ƙasa ya waiga, inda ya ratso ɗin ya zama kogi. Komawa babu.

Ya tarar da Nanay Iska zaune bakin ƙofa cikin rigarta ta zuwa coci, ƙullin kayanta a cinya, bukkar tana ƙara kamar za ta tashi.

"Tun safe na shirya," ta ce. "Na ɗauka sai na mutu za ka zo ɗaukar gawa."

"Nanay, hau bayana. Gada ta tafi, sai ɗakin ibada na kan tudu."

Ta saƙalo wuyansa. Hannuwanta sanyi ƙalau, ta ƙanƙame shi gam, a nan ya gane duk masifar nan tata tsoro ne. Ya kama hawa cikin taɓo, iska na mayar da shi baya, wani kwanon rufi ya wuce ta saman kansu yana kuka. Bayansu aka ji wani ƙaƙƙarfan ɓarin itace. Ta so ta waiga.

"Kada ki duba, Nanay."

"Rufina ne?"

"Riƙe ni dai."

Mutanen da ke ɗakin ibadar suka buɗe ƙofa kaɗan, suka jawo su ciki, maza huɗu suka danne ƙofar kafin ta rufu. Ya sauke Nanay a kan benci ya zube ƙasa yana haki. Nanay Iska ta kwance ƙullinta da kyar, ta ciro busasshen tawul, ta ɗora masa a ka ta shiga goge masa gashi, tana faɗa wa matar da ke kusa da ita cewa tun yana yaro sanyi ba ya yi masa da daɗi.