Geron Irin da Na Sayar

Har yau ina nadamar geron irin da na sayar. A zamanin Turawa ne, ina sabon magidanci. Kuɗin albasata duka na kashe kan babbar riga a kasuwar Boɗinga, ban ware na haraji ba. Da mai unguwa ya fara zagayen karɓa, ko sallama aka yi sai gabana ya faɗi. Na rasa mafita, na kwashe irin na kai kasuwa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa na gona, ni ina bin gidaje roƙo. Matata ta ce, "Maigida, rigar za mu shuka?" Don Allah, in kuɗi ya shigo, ku fara cire na wajibi. Kada ku bi sawuna.