Idona Ya Gyaru, Hutuna Ya Ƙare

Jiya Inna ta kama ni dumu-dumu.

Na yi shekaru an yafe min tsintar shinkafa a gidanmu, don gaban ƙwayar idona ba daidai yake ba. Tabarau ya kasa, tsakuwa ɗaya sai in gan ta uku.

Satin da ya wuce likitan ido a Kano ya gwada min wani gilashi kamar ɗan ƙoƙo. Ana cika shi da ruwan magani, ka sunkuya ka kifa idonka a ciki. Sai na uku ne ya zauna daidai. Ina ɗagowa na ga komai tar.

Da na dawo Haɗeja na ce musu, "Da ɗan sauƙi dai."

Jiya muna cin abinci na zare wata siririyar ƙaya daga kifin Inna.

"Ke Hauwa, wannan ƙayar kika gani?"

"Hannuna ne ya ji ta, Inna."

Ta share ƙwalla da bakin zane, ta yi hamdala. Sannan ta dire min tire da shinkafa kwano biyu.

Yanzu haka tsakuwa nake tsinta, ɗaya-ɗaya. Wa ya taɓa ɓoye lafiyarsa don gudun aiki? Ku fito mu san juna.