Ni da Kajin Kawu

Ina tsugune gaban baho jiya a Bakura, kajin gidan Kawu Sani sun kewaye ni suna wawaso, sai ga shi ya dawo daga masallaci.

Kafin ya fita ya zuba irin shinkafarsa a ruwan gishiri, ya ce in ware masa mai kyau. Ni kuwa malamin kimiyya ne, shekara tara ina koya wa ɗalibai abin da ke sa wani abu ya nitse, wani ya taso. Ina ni ina tambayar manomi?

Na kwashe wanda ya taso sama, na shanya a tabarma. Na ƙasan kuwa na ɗauka datti ne, na shiga watsa wa kaji.

Kawu ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga tabarmar ya murza. Ɓawo ne zalla.

"Malam, wanga za mu shuka?"

"Ai shi ya taso, Kawu."

"To mi kake gaya ma yara a makaranta?"

"Cewa abin da ya fi ruwa nauyi shi ke nitsewa."

"Madalla. Mai ƙwaya ya nitse, wofi ya taso. Duba tabarmarka, ka ga kaza ko ɗaya ta je wurin?"

Na duba. Wallahi ko ɗaya.

Da ƙyar muka ceto rabin irin.

Ranar Litinin darasin nan zan koyar. Jama'a ku ba ni shawara: ni zan shiga ajin, ko kajin zan tura?