Ranar da na gode wa mushena

A shekarar 2013 ina zaune a Hayyin Ashir, a hawa na huɗu, cikin wani gida mai ɗaki biyu. Mu shida ne. Biyar 'yan Najeriya, daga Kano da Zariya da Sakkwato, ni kaɗai ce 'yar Damagaram. Karatun addini ne ya kawo mu Masar gaba ɗaya, kuma duk Hausa muka sha a nono. Amma tun makon farko na gane tawa Hausar abin dariya ce a gidan.

Na ce wa ɗaya ta ara mini bik zan yi rubutu a kaye, sai ɗakin ya ɗauka da dariya. Biro ake cewa, in ji su, kuma littafin rubutu. In na ce mota ta hau gudro, su ce kwalta. Suka sa mini Madam Faransa. Abin da ya fi ci mini rai, su bakinsu cike yake da lakca da firij da ticha, ga yalla da khalas na Larabci da muka tsinta a titi, duk waɗannan a wurinsu Hausa ne. Nawa ne kawai baƙo. Sai na koyi tauna magana kafin in furta. Har a waya da innata na fara cewa makaranta maimakon lakkwal, ta ce, "Ke kuma yaushe kika koma Kano?"

Babbarmu a gidan 'yar Zariya ce, muna ce mata Anti. Na taɓa ce mata Tanti, irin namu, ta hana. Mutuniyar kirki ce, ita ta yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, amma a wurinta Hausa guda ɗaya ce, ta gidansu.

A wannan shekarar wata ƙawata ta haɗa ni da wata Baturiya a unguwar Zamalek mai neman mai jin Faransanci da za ta koya mata Larabci. Ta kai shekara hamsin, mijinta yana aiki a wani ofishin jakadanci. Ranar farko da ta buɗe baki na zaci a makaranta ta koyi Faransancin, don ban taɓa jin irinsa ba. Na tambaye ta. Ta yi dariya har da buga tebur.

"Harshen kakata ne," in ji ta. "Mu 'yan Akadi ne, can gabashin Kanada, bakin teku."

Ta ba ni labari muna shan shayi. Tuntuni Ingilishi suka loda kakanninta a jiragen ruwa suka watsa su ƙasashe, wasu suka lallaɓo suka dawo. Ita ta tashi a gari inda in ta shiga kanti sai ta juya harshe zuwa Turanci. Da ta girma ta je Faransa da murnar ta zo gida, mai kawo abinci ya saurare ta, ya amsa mata da Turanci.

"Har ku Turawa ana yi muku haka?" na ce.

"Shekara arba'in ina gyara bakina don mutanen da ba su taɓa gyara kunnensu ba. Na daina."

Na koma gida a motar haya, a matse tsakanin wasu mata biyu, maganar tana ta yi mini yawo.

Da sabuwar shekarar karatu ta kama, ɗalibai mata Hausawa suka shirya walimar tarbar sababbin zuwa. Saboda sakamakona ya yi kyau, aka ce in yi jawabi. Na rubuta, na ba Anti ta duba, don ita ce shugabar taron. Ta dawo mini da takardar duk jan biro. Inda na ce lakkwal ta sa makaranta. Inda na ce ina godiya ga mushena ta ja layi biyu.

"Ke, kin san mushe kuwa? Dabbar da ta mutu ba yanka. A gaban matan malamai za ki tsaya ki gode wa mushe?"

"Anti, haka muke ce wa malamin boko."

"A can. Nan ba can ba ne. Ki ce malami, khalas."

Mutumin da take so in canza wa suna shi ya koya mini karatu a aji uku. Shi yake ba ni littattafansa in tafi da su gida, shi ya zauna ya cike mini takardun neman gurbin karatu da hannunsa. Ya rasu wata biyu bayan na taho, ban samu ko zuwa gaisuwa ba. Duk unguwarmu, har matarsa, mushe suke ce masa, shi ma da shi yake amsawa.

Ranar walima, bayan la'asar, falon da aka shirya taron ya cika. Na tashi da takardar Anti a hannu, na ninke ta, na yi sallama. Na ce na fara karatu a wata lakkwal mai aji shida a Damagaram, kuma bayan Allah da iyayena, babu wanda nake gode wa kamar mushena.

Aka fashe da dariya. Wata har da riƙe ciki. Na tsaya har suka gama.

"Na san abin da yake nufi a wurinku," na ce. "Ku da kuke cewa ticha, wani Bature ne ya bar muku. Mu ma wani Baturen ne ya bar mana namu. Iyakar da ta raba mu, ba kakana ya shata ta ba, ba kuma naku ba. Damagaram ba ta ari Hausa a wurin kowa ba. Mutumin nan ya rasu. Da sunan da na san shi zan roƙa masa gafara, mai so ta ce amin."

Wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan, wadda ta zo daga unguwar Ainu Shams ta dafa mana abincin taron, ita ta fara cewa amin daga ƙofar kicin, da ƙarfi. Sauran suka bi, wasu ciki-ciki. Na ƙarasa jawabina da bakin garinmu, ban sauya ko kalma ɗaya ba.

Da aka watse, 'yan mata uku cikin sababbin suka same ni a matakala. Biyu daga Maradi, ɗaya daga Tawa. Ashe tun saukarsu ba su yarda sun yi doguwar magana a gaban kowa ba. Muka tsaya nan muna ta zuba har aka kira magariba.

Anti ta yi mako biyu ba ta amsa mini sai gaisuwa. Daga baya ta ce na kunyata ta a gaban baƙi. Na ce ban yi don in ɓata mata ba, amma ba zan ba da haƙuri a kan abin da ba laifi ba. Ba a sake sa ni jawabi ba har na gama karatu. Ban kuma bar gidan ba, ko da 'yan matan nan suka kama nasu suka ce in dawo wurinsu. Na riga kowa zaɓar gadon da ke kusa da taga, ban ga dalilin barinsa ba.