Mutumin da ke Ƙarshen Igiya

A zamanin ƙuruciyarmu Tudun Wada tana da sarari. Mutum yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya hango ganuwar birni, babu abin da ya tare masa ido sai rimi da kuka. Yanzu shago na jingine da shago, ko maƙwabcinka ba ka hangowa. Hira ma ta sake. A da, in an idar da sallar isha'i a watannin sanyi, murhun kakata Asabe ne majalisarmu, mu jikoki takwas, kowa da ɗan dankalinsa a cikin toka. Yau jikokina suna zama ɗaki guda, kowa ya sunkuya kan wayarsa.

A bayan gidanmu akwai wani ɗan fili inda hanyoyi uku suka haɗu, ana ce masa Filin Igiya. A tsakiyarsa akwai ginshiƙin ƙasa da ya ɗan ɗara tsayin mutum, an naɗe shi da igiya tun daga sama, an yaɓe ta da makuba, ƙarshenta ya nutse cikin ƙasa. Babu fuska, babu rubutu. Labarinsa muka fi roƙo.

"Kaka, a ba mu na Filin Igiya."

"Kai kuma, angon banza, ko ɓarin goro ba ka kawo mini ba, sai sa ni surutu. Tura itacen nan ciki. Kuma wannan ba tatsuniya ba ce, kada in ji wani ya yi mini dariya. Da idona na gani."

Ta ce tana amarya aka kawo hanyar jirgin ƙasa, baƙi suka cika Tudun Wada, ruwa ya yi wuya. Sai ga wani mahaƙin rijiya daga arewa, ba mai yawan magana ba, ya fara haƙa a filin nan. Kafin gari ya waye ya shiga, sai magariba yake fitowa, laka ta rufe shi har gira. Wata rana yana sama yana gyaran igiya, mutum uku da ke taya shi suka suma a ƙasa, iskar ramin ta ɓaci. Ya ɗaura igiya ya sauka. Ya ɗauro na farko aka jawo, ya ɗauro na biyu. Na uku na isowa baki, rijiyar ta rufta.

A nan Kaka takan gyara itacen murhu, sannan ta ci gaba.

"Kwana biyu ana tono, ƙasa tana komawa. Malamai suka ce a bar shi, Allah ya riga ya zaɓa masa makwanci. A nan aka yi masa salla, igiyarsa tana waje, shi yana ciki."

Wani Bature mai kula da aikin hanya ya ga abin da idonsa, ya kuwa shige shi ƙwarai. Ya ce a ƙasarsu irin wannan mutum ana yi masa mutum-mutumi. Ya aiko dogari aka kira kakanmu, Malam Tanko, wanda duk unguwar babu magini kamarsa, ya ba shi kwana bakwai ya gina siffar mamacin a filin.

"Kakanku ya dawo ko tuwo bai taɓa ba. In ya ƙi, gidan yari, don a lokacin ba a ce wa Bature a'a. In ya yi, limamin unguwa ya gaya masa ƙiri-ƙiri, ranar gobe ƙiyama za a ce ya hura wa abin rai. Na ce, Malam, mu gudu Kano mana. Ya ce, Asabe, a Kanon babu Turawa?"

Duk da haka ya bi gida-gida yana tambayar kamannin mutumin. Nan ya gano abin da ya ba shi tsoro: babu wanda ya san fuskarsa. Matan da ke zura masa fura a ƙwarya tsakar kansa kawai suka sani. Waɗanda ya ceto ma cikin laka da duhun rami suka san shi, muryarsa kawai suka riƙe. Sunansa ma, kowa Mai Rijiya yake ce masa. Kakanmu ya kwaɓa ƙasa, ya kewaye wurin da zana, ya yi aikinsa shi kaɗai.

Rana ta bakwai unguwa ta taru, Kaka tana leƙe ta katanga. Aka yaye zana. Bature ya zagaya ginshiƙin sau biyu, fuskarsa ta yi ja. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, ina mutumin?"

Kakanmu ya durƙusa, ya dafa inda igiyar ta shiga ƙasa.

"Gaya masa, ranka ya daɗe, yana ƙarshen igiyar nan. Mu a nan muka san shi tun yana da rai. In na yi masa fuska, ta wani zan ara."

"Wallahi, jikokina," in ji Kaka, "ko kaza ba ta yi motsi ba. Baturen nan ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya cire hularsa. Ya matsa baya, don ya gane a kan mutum yake tsaye. Ya juya ya hau dokinsa ya tafi. Daren nan kakanku ya cinye malmala uku."

Mu kuwa da safe in an aike mu, sai mu bi gefen filin, ba ma yarda mu taka tsakiya.

Daga baya aiki ya kai ni ƙasashe. Na tsaya gaban manyan mutane na tagulla a Alƙahira da Dakar da Landan, na karanta sunayensu da Larabci da Faransanci da Turanci. Suna da kyau, ban raina su ba. Amma duk sama suke sa ka ɗaga kai, ka gama kallo ka wuce, tattabaru su ci gaba da zamansu a kafaɗarsu. Ban taɓa ganin wanda ya sa mutum ya duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba sai na kakana. Ina yaro na ɗauka wayo ya yi wa Bature ya tsira. Sai da na tsufa na fahimci ba wayo ba ne, iyakar abin da ya sani ya gina, ya ƙi ƙara ko yatsa guda a kai.

Muddin Kaka tana raye, duk shekara kafin damina sai ta sa an sake yaɓe ginshiƙin. Bayan rasuwarta aka daina, ruwa ya yi ta cinsa, da aka zo faɗaɗa titi aka share abin da ya rage. Cikin mu takwas da muka zauna a bakin murhun nan, ni kaɗai na saura. Motoci suna bi ta kan Mai Rijiya dare da rana, kuma babu sauran mai kaucewa.