Ranar da Muka Buɗe Ɗakin Dusar Ƙanƙara

A duk shekarun da na yi a wannan wurin shaƙatawa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce washegarin ƙaramar Sallar da muka buɗe ɗakin dusar ƙanƙara. Yawancinku sababbin ma'aikata ne, kun zo kun tarar da ɗakin ya koma sito. Shi ya sa nake so ku ji labarin daga bakin wanda ya tsaya a ƙofarsa.

A lokacin ni ne shugaban masu karɓar baƙi. Aikina shi ne tsara layi, kula da ƙofofi, da sauraron ƙorafin jama'a. Sama da ni akwai manaja, sama da manaja kuma akwai Alhaji mai wurin, wanda ba ya leƙowa sai jefi-jefi. Muna da ƙa'ida tun da can: ba a sanar da sabon abin wasa sai an kafa shi, an gwada shi da buhunan yashi a kan kujeru maimakon mutane, injiniya ya ce ya gamsu. Sai bayan nan ne ake ba masu talla izini su faɗa wa gari.

A shekarar, wani sabon wurin wasa ya buɗe can wajen Arkilla, ya fara janye mana mutane. Hankalin manaja ya tashi. Ana tsakiyar azumi, ba tare da ya shawarci kowa ba, ya sa aka wallafa a shafinmu na Fesbuk cewa da Sallah za mu buɗe sababbin abubuwa: motocin karo, dogon lilo, da wani ɗaki wanda dusar ƙanƙara za ta riƙa zuba a ciki kamar a ƙasashen Turawa. Aka haɗa da hoton yara sanye da rigunan sanyi suna jifan juna da ita. Hoton na kamfanin da ya sayar mana da injin ne. Injin kansa yana kan hanya daga Legas.

Kun san azumin Sakkwato idan ya faɗo cikin bazara. Mutum na zaune a inuwa yana jin kamar an kifa masa tanda. A irin wannan yanayi ne aka ce wa mutane ga ɗakin da sanyi ke zubowa daga sama. Babu wanda ya kula da motocin karo ko lilo. Wani ya rubuta cewa zai zo da tabarma da filo ya tare gaba ɗaya. Wata ta tambaya ko za a bar ta ta shiga da bokitin zoɓonta. Masu gwanjo a Runjin Sambo suka fito da rigunan sanyin da suka ɗaure tun bayan wucewar ɗari, kuma aka saya. Ni kaina idan na hau keke da rigar aiki, sai direba ya juyo ya ce, “Yallaɓai, da gaske na?” In ce masa da gaske ne, domin a lokacin haka na ɗauka.

Akwai kuma masu shakka. Suna cewa wutar da ba ta riƙe firij ɗin gida, ita ce za ta riƙe ɗaki guda? Sai masoyanmu suka taso musu. Kan gaba a cikinsu akwai Malama Hauwa'u, shugabar wata makarantar firamare a Ƙofar Marke, wadda ta daɗe tana kawo mana ɗalibanta duk ƙarshen zango. Ta rubuta da cikakken sunanta cewa ta san mutanen wurin nan, ba su taɓa yi mata ƙarya ba, duk mai shakka ya jira ranar Sallah ya ji kunya.

Ana cikin goman ƙarshe ta zo ofishina da kanta. Bayan mun gaisa ta ce alfarma take nema. Mahaifinta tsohon malami ne mai karantarwa a zaure, idanunsa sun daina gani. Ta ce tun yana saurayi yake koya wa ɗalibai addu'ar nan da ake roƙon Allah ya wanke bawa da ruwa da ƙanƙara da dusar ƙanƙara. Ruwa ya san shi, ƙanƙarar sama ta sha faɗowa a gabansa da damina, amma ta ukun sunanta kawai ya sani. Da ta ba shi labarin ɗakinmu, sai ya ce ko za a kai shi ya taɓa da hannunsa. Na yi mata alkawarin ni zan shigar da shi, ba zai bi layi ba.

Injin ya iso ana saura 'yan kwanaki Sallah. Da aka haɗa shi, janaretanmu ya yi tari ya mutu. Injiniya ya ce sai an sami babban janareta, kuma sai an yi wa bangon ɗakin rufin da zai riƙe sanyi, aikin da ba zai ƙare kafin Sallah ba. Na sami manaja na ce, “Ranka ya daɗe, mu fito mu ba mutane haƙuri, mu ɗaga ranar.”

Ya ce, “In ɗaga, su tafi Arkilla? Wa ya taɓa ganin dusar ƙanƙara a garin nan da zai ce ba ita ba ce?”

Ya aika aka kwaso manyan ƙanƙarar bulo daga wajen masu sayar wa 'yan kifi da masu lemo. Aka farfasa, aka niƙa, aka baza a ƙasa, aka kunna na'urorin sanyaya ɗaki. Ni kuma aka ce in tsaya a ƙofa kamar yadda aikina ya tanada.

Tun da hantsi layi ya kai bakin titi. Iyaye da 'ya'yansu cikin kayan Sallah, an ɗora musu rigunan sanyi a sama, gumi na tsiyaya, amma kowa na dariya. Rukunin farko suka shiga da murna, suka fito fuska a murtuke. Ƙanƙarar ta fara narkewa ta zama caɓi, ga ɓurɓushin dusar katakon da masu bulo ke rufe ta da ita yana yawo a kai. Wani magidanci ya dube ni ya ce, “To, dusa dai mun gani.” Ban iya ɗaga kai ba.

Ana cikin haka keke ya tsaya. Malama Hauwa'u ta fito da mahaifinta, ta yafa masa bargo a kan babbar rigarsa. Na nufe ta da sauri don in tare ta kafin su ƙaraso, amma jama'a sun riga sun gane shi. Layi ya dare, ana ta durƙusawa ana gaishe shi, wasu na cewa a buɗe wa Malam hanya. Kafin in buɗe baki ta ce, “Baba, ga wanda nac ce maka,” ta sa hannunsa a cikin nawa. Hannun ba nauyi. Manaja na tsaye a gefe yana kallona.

Muka shiga. Ruwa ya jiƙa masa takalma. Ya ce in sunkuyar da shi, na riƙe shi ya duƙa, ya yi bismilla ya ɗebo cike da tafinsa. Ya murza a hankali. Ya kai hanci ya shinshina.

Sannan ya ce, “Ɗana, wagga ita ce?”

Na dubi Malama Hauwa'u. Ita ta riga ta gani da idonta, ta kafe a bakin ƙofa. Na ce, “Allah gafarta Malam, ba ita ba ce. Ƙanƙarar bulo ce aka niƙa. Injin bai tashi ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe tafinsa ya bar sauran ta zube, ya goge hannu da bargon.

Ya ce, “Na ji ƙarnin kihi, shi yas sa nit tambaya. Allah shi yi maka albarka da ka hwaɗi. Da ka ce mani ita ce, da na koma na shaida ma ɗalibai na taɓa ta, su ɗauka daga bakina su kai gaba.” Ya juya inda yake jin numfashin 'yarsa ya ce, “Hauwa'u, kar ki yi hushi. Mun dai sha sanyi. Mu tai gida.”

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Na raka su har bakin keke. Malama Hauwa'u ba ta dube ni ba.

Kafin la'asar bidiyon ɗakin da wani ya ɗauka da waya ya zaga gari. An yi mana dariya, kuma mun cancanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka tono rubutun Malama Hauwa'u, aka riƙa liƙa shi a ƙarƙashin bidiyon ana tambayarta wane ne ya ji kunya yanzu. Ba ta mayar wa kowa ba, ba ta kuma goge abin da ta rubuta ba. Alhaji ya zo da kansa ya sa aka rufe ɗakin, ya sallami manaja, aka fitar da sanarwar ban haƙuri.

Bayan damina aka sami janareta, injin ya tashi, dusar ta zubo fara tas, mai laushi kamar garin tuwo. Na hau babur na tafi Ƙofar Marke. Na tarar da Malam a zaure, ya gane muryata, ya sa aka kawo mini ruwa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi murmushi ya ce ya gode, amma ƙafafunsa sun gaji da fita, in kai yara su gani. Malama Hauwa'u ta amsa gaisuwata daga bayan labule, cikin mutunci. Ɗalibanta kuwa ba su sake zuwa wurinmu ba. Jama'a ma ba su dawo wa ɗakin ba, har daga baya aka mayar da shi sito.

Ga abin da nake so ku riƙe. A wannan sana'a, masu yi mana ba'a ba su da abin asara, gobe za su sami wani abin dariyar. Wanda za ku ji wa tsoro shi ne mai son ku, wanda zai tsaya a gaban jama'a ya ce ya yarda da ku. Ranar da kuka sanar da abin da ba ku da shi, mutuncinsa kuka ɗauka kuka yi talla da shi, bai sani ba. Kuma idan abin ya watse, mai ba da umarni yana ofis. Ku na bakin ƙofa, ku ne za a miƙa wa hannun tsoho.