Notin Motar Gawa

A garejinmu na Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda yake son aikin motar masallacin Unguwar Gano. Tsohuwar farar bas ce da aka cire wa kujeru, makara ce kaɗai a bayanta. Idan ta shigo sai hira ta mutu, mai cin abinci ya ɗauke kwanonsa ya koma can ƙarƙashin darbejiya. Ni ake turo wa ita kullum, wai ni ba ni da tsoro. Ƙarya ne, ina da shi, baki ne kawai ya yi mini yawa.

Direbanta wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Tun ina yaro shi yake kai mutanen unguwar maƙabarta. Bai taɓa gudu da ita ba, bai taɓa danna hon ba.

Wata Alhamis da hantsi, an kwana ana ruwa, ya kawo ta. Tayar baya ta hagu tana rawa. Na ɗaga jak na kwance tayar, sai na ga ta'asar da wani mai faci ya yi: ya sa noti a karkace ya hau sifana da ƙafa. A cikin ramuka biyar da noti ke shiga, uku haƙoransu sun cinye, sun yi sumul. Gyaran gaskiya ɗaya ne, a cire ƙarfen da tayar ke zama a kai, a kai wajen masu inji su faɗaɗa ramin, a yanka sababbin haƙora, a sa noti mai kauri.

Na ce, "Baba, ka bar ta sai Asabar."

Ya ce, "Gobe za ta fita."

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To wa ke kwance?"

"Ba kowa. Ka dai yi mini aikin gaskiya, ɗan nan."

Raina ya ɓaci, don ga motar wata ma'aikaciyar jinya da na buɗe tun jiya, tana ta kira. Baba ya tafi sallar azahar, na cire ƙarfen na hau adaidaita sahu zuwa Tarauni. Na tarar an ɗauke wuta, mai injin ya ce sai dai gobe. Haba! Na dawo ina ta tsaki.

Abin da na yi, duk bakanike ya san shi. Na yanko gwangwanin madara siri-siri, na cusa a ramukan nan uku, na ɗaure noti a kai har ya kama. A ido ba ka ganin komai. Na ce a raina ranar Asabar zan je na karɓo ta na yi na gaske, ai ba wanda ya mutu.

Da Baba ya dawo bai ko dubi tayar ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ya hau ya miƙe a ƙasa kusa da makarar, ya juya kan hannun dama.

Na ce, "Subhanallahi! Baba, mene ne haka?"

"Ja mu zagaya. Shekara da shekaru ina gaba, ban taɓa jin abin da na baya yake ji ba."

Na shiga na ja. Muka zagaya layin, ina kallon madubi, ba na ganin komai sai tafin ƙafarsa. Can muryarsa ta taso daga ƙasa.

"Ka yanka sababbin haƙoran?"

"Na yanka, Baba."

"Duka ukun?"

Na ce, "Wallahi."

Muka dawo gareji muka tsaya. Ya sauko, ya sa takalmansa, ya sa mini albarka, ya karɓi makulli.

Washegari bayan asuba aka tarar da shi a zaune a sahun gaba a masallaci, ya jingina da bango, carbi a hannu, rai ya yi halinsa.

Na je jana'iza da niyyar in ja liman gefe in gaya masa. Kafin in buɗe baki sai ya miƙo mini makulli. "Kai ka san motar nan. Jiya da magariba Baba ya ce idan ta kama, kai za ka ja."

Na karɓa. Tsoro da kunya suka hana ni gaya masa.

Na ja a hankali, kamar mai tafiya da ƙwai. 'Ya'yansa biyu da wasu dattawa suna baya tare da shi. Mun fita babban titi ke nan sai na ji: ƙwas. Jim kaɗan kuma, ƙwas, ƙwas, daga ƙasan makarar, daidai inda ya kwanta jiya. Salatin da ake yi ya yanke.

Babban ɗansa ya ce da wata irin murya, "Malam, ana ƙwanƙwasawa."

Na san ƙarfe ne. Shekara ashirin ina jin wannan ƙara. Amma wallahi a lokacin ban iya waiwayawa ba, sitiyari yana karkarwa a hannuna. Na gangara gefen titi na taka birki.

Noti biyu sun faɗi a hanya. Na ukun na taɓa shi da yatsa ya zubo, gwangwanin madara na naɗe a jikinsa. Liman ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi, ya dube ni. Ni da bakina na faɗi abin da na yi a gaban kowa.

Aka sauko da makarar aka ɗauka a kafaɗa. Tafiya ce mai nisa cikin taɓo, ana karɓa-karɓa, masu shaguna suna miƙewa tsaye. Na kai hannu zan kama, babban ɗan nasa ya matsa ya ba ni wuri ba tare da ya kalle ni ba.

Ranar Asabar na kai ƙarfen Tarauni, aka yanka haƙoran duka biyar, na ɗaure kowane noti da hannuna. Motar tana nan har yau, ba ta ƙara rawa ba. Ta kai limamin, ta kai mahaifiyata, ta kai mutanen da ban san adadinsu ba har bakin kabari. Shi kaɗai ne ba ta kai ba.